Yadda zaka zaga unguwar Masar Jadida a Alƙahira da metro, kada sunan tasha ya ruɗe ka

Wani dattijo cikin mutanenmu da ya kawo mai ɗakinsa asibiti nan Alƙahira ya kira ni wata Asabar wajen la'asar, muryarsa duk ta canza, yace ɗana gani nan tsaye a Ahram amma ban ga dala ko guda ba, sai shaguna da motoci da wata ƙatuwar coci a gabana. Nace Baba kada ka motsa daga nan, ka nemi inuwa ka zauna gani nan zuwa. Na same shi a bakin matakalar tasha riƙe da ledar magani da gorar ruwa wadda ta riga ta zama ruwan zafi, ashe Hajiya ce ta samu sauƙi ranar shine yace bari ya je ya ga dalar Fir'auna ya ɗauko mata hoto, ya duba taswirar da ke manne saman ƙofar jirgi yaga an rubuta Al-Ahram, shi kuma ya yi karatun Larabci ya san ma'anar kalmar dala ce, ya sauka. Ba laifinsa bane wallahi. Dalar tana Giza can yamma da kogin Nilu, wannan tashar kuwa tana gabas, sunan titin da ke samanta aka sa mata kawai. Tun ranar nake son in rubuta wannan bayanin saboda masu zuwa jinya da sababbin ɗalibai da 'yan kasuwarmu, don abu ɗaya ne ke wahalar da baƙo a wannan layin metro na 3, jirgin ƙarƙashin ƙasa mai ratsa Masar Jadida, wato sunan tasha daban abin da ke samanta daban, sai ka san me zaka tarar idan ka hau matakala kafin ka yanke shawarar sauka.

Toh bari mu fara da ita unguwar. A Turance da taswira zaka ga Heliopolis, amma mutanen gari ba kasafai suke kiranta haka ba, Masr el-Gedida suke cewa, wato sabuwar Masar, ɗalibanmu kuma su ce Masar Jadida. Ka riƙe wannan tun yanzu, Bamisiren Alƙahira jimun ɗinsa g ce, ƙafun kuma haɗiye ta yake, don haka Jaish zaka ji Geesh, Ƙubba zaka ji Obba, Jami'a zaka ji Gam'a, idan ka tsaya sai an faɗa maka da Larabcin Islamiyya zaka wuce tasharka baka sani ba. Unguwar tana arewa maso gabas, hanyar filin jirgin sama, kuma da can hamada ce fetal, wani attajiri ɗan Beljiyam mai suna Baron Empain ne ya sayi filin a 1905 tare da Boghos Nubar Pasha suka kafa kamfani suka fara gini, suka jawo jirgin taragu mai lantarki daga cikin gari ya riƙa kawo mutane. Shi wannan Baron ɗin dama harkar jiragen ƙasa ce sana'arsa, har a metro na birnin Paris da hannunsa. Wancan tsohon jirgin na kan titi an tumɓuke layukansa an faɗaɗa tituna an yi gadoji, yanzu metro layi na 3 shine ke ratsa unguwar ta ƙarƙashin ƙasa.

Layukan uku ne ke aiki. Na 1 shine tsoho, 1987 aka buɗe shi, shine metro na farko a Afirka gaba ɗaya, daga Helwan zuwa sabuwar Marg. Na 2 daga Shubra zuwa Munib, shi ke bi ta Giza. Namu shine na 3, kore a taswira, an buɗe kashin farko daga Ataba zuwa Abbasiyya a 2012, aka kai Ahram a 2014, aka ƙara gaba a 2019, sannan ya isa Adli Mansur a 2020. In kana kan layi na 2 ka canza a Ataba, in kana kan na 1 ka canza a Nasser. Ba'a fita waje wajen canji kuma ba sabon tikiti, alamun kawai zaka bi. Kalmar da zaka nema a allo ita ce ittijah, wato inda jirgin ya dosa, mai zuwa Masar Jadida daga cikin gari ya nemi Adli Mansur, shikenan. A dawowa ne ake ɗan kula, saboda layin ya rabu biyu bayan tashar Kit Kat, wani jirgin Rod el-Farag wani Jami'ar Alƙahira, amma in dai Ataba ko Nasser zaka sauka duk wanda ya zo shiga kawai.

Maganar tikiti kada ka wahalar da kanka da lissafi, kaje taga ka faɗi sunan tashar da zaka sauka da adadin mutane, mai sayarwa shi zai baka wanda ya dace, don kuɗin gwargwadon yawan tashoshi ne. A watan Agustan 2024 an mayar da shi fam 8 zuwa tasha 9, fam 10 zuwa tasha 16, fam 15 zuwa 23, fam 20 abin da ya haura haka, kuma farashi a Masar yana motsi don haka ka kalli allon da ke jikin tagar ranar da kaje. Ka riƙe canji a aljihu. Sannan dan Allah kada ka yar da tikitin bayan ka shiga, da shi zaka fita, na'urar ƙofa zata haɗiye shi a tashar ƙarshe, wanda ya yar ko ya wuce iyakar tikitinsa tara ake cinsa. A bakin shiga akwai na'urar duba jaka, ka ajiye ka ɗauka ba wata magana. Mata akwai taragu a tsakiyar jirgi nasu ne su kaɗai, akwai alama a saman wurin jira an rubuta lis-sayyidat, 'yar uwa ki tsaya daidai ƙarƙashin alamar, kuma in kina tare da maigida kina iya shiga na kowa da kowa ba wanda zai hana ki, shi ne dai ba zai shiga naku ba. In zaku rabu taragu to ku yi magana tun a ƙasa, tasha kaza zamu sauka, kowa ya tsaya inda ya sauka kada ya hau sama sai an haɗu. Jirgi na farawa wajen biyar da 'yan mintoci na asuba ya tashi wajen ɗayan dare, da azumi ana ƙara lokaci.

Wani abu ƙarami amma yana da amfani, in jirgi ya cika kana kusa da ƙofa zaka ji na bayanka ya taɓa kafaɗarka yace nazil? Tambayarka yake ko zaka sauka a ta gaba. In zaka sauka kace aiwa, in ba haka ba ka matsa ku yi musayar wuri. Kai ma haka zaka yi, tun ana saura tasha ɗaya ka fara matsowa, don ƙofar bata jira kuma masu shigowa basa jiran kowa ya gama fita.

Daga Ataba zaka wuce Babus Sha'ariyya, nan ne masu zuwa titin Mu'izz da masallacin Husaini da Azhar kan sauka su taka, sai Geesh, sai Abdu Basha inda tsangayar injiniyanci ta jami'ar Ain Shams take, sai Abbasiyya. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne na 'yan Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar na ƙasashen waje. Abbasiyya ba Masar Jadida bace amma ita ce ƙofarta, kuma duk baƙon da zai daɗe a ƙasar sai ƙafarsa ta taka ta, saboda ofishin fasfo da iƙama, wato izinin zama a ƙasa, ya bar ginin Mugamma na Tahrir tun 2019 ya dawo nan. Da ka fito zaka hango hasumiyoyin masallacin Nur, babban masallaci ne kuma shi ne alamar da ake kwatance da ita, in ka ɓace a dandalin, wanda gadoji da motoci sun sa shi ya zama kamar kasuwar kwari ranar jajibiri, ka nemi hasumiyar ka koma gindinta ka sake lissafi. Babbar harabar jami'ar Ain Shams na nan kusa, haka babbar cocin Kibɗawa ta Mar Murƙus. Mai zuwa iƙama shawarata ya yi sammako sosai, ya yi kwafin takardunsa tun daga gida, ya ci wani abu kafin ya shiga. Daga nan ne kuma ake samun ƙananan bas-bas masu shiga Madinat Nasr, don metro bai shiga cikinta ba, gefenta kawai ya shafa, wanda ke zaune Hayyus Sabi ko Hayyul Ashir ya san sai ya haɗa da mota.

Ta gaba ita ce Ardul Ma'arid, filin baje koli. Ɗaliban da suka riga mu suna yawan bada labarin baje kolin littattafai na Alƙahira da ake yi nan duk ƙarshen Janairu, ka zo da buhu ka koma da shi cike. To a kula, tun 2019 an mayar da baje kolin can Tagammu'ul Khamis a sabuwar Alƙahira, duk shekara sai an samu wanda ya sauka nan da tsohon kwatance ya tarar ba kowa.

Sai Istad, wato filin wasa. Wannan kam sunan bai yi ƙarya ba, babban filin wasan Alƙahira na nan, an buɗe shi 1960, yana cin mutum wajen 75,000. Ɗan Najeriya mai son ƙwallo ba sai an tuna masa ba, nan ne muka doke Afirka ta Kudu 2-1 a gasar kofin Afirka ta 2019, nan ne kuma Aljeriya ta fitar da mu a wasan kusa da ƙarshe da bugun tazarar nan na Riyad Mahrez a daƙiƙar ƙarshe bayan Ighalo ya farke da fenariti, har yau in jirgi ya tsaya a tashar sai na ji abin a ƙirjina. Ranar da Ahly ko Zamalek ke wasa ka kauce wa layin da yamma in kana da iyali ko mara lafiya. Ta wannan yankin ne ake zuwa Panorama ta yaƙin Oktoba, wani gini mai zagaye a kan titin Salah Salim da jiragen yaƙi da tankoki jere a harabarsa, ana nuna yadda sojan Masar suka tsallake mashigin Suez ranar 6 ga Oktoba 1973, wadda ta zo daidai da 10 ga Ramadan. Kabarin Anwar Sadat da dandalin da aka harbe shi a faretin 6 ga Oktoba 1981 suna kan titin Nasr, harabar jami'ar Azhar ta Madinat Nasr ma ta can take, amma fa kada taswira ta yaudare ka kaga kamar kusa ne, titunan nan manya ne masu katangu dogaye ba inuwa, ka hau mota.

Daga Kulliyatul Banat ka shigo Masar Jadida sosai. Sunan kwalejin 'yan mata ta jami'ar Ain Shams ne. Anan zan ja kunnen masu zuwa City Stars, katafaren rukunin shagunan nan da Hajiyoyinmu ke so. Adireshinsa titin Umar bin Khaɗɗab ne, kuma a wannan layin akwai tasha mai suna Umar bin Khaɗɗab, sai mutum yace ai shikenan faɗuwa ta zo daidai da zama. A'a. Waccan tashar tana can ƙurya kan titin Gisr Suez kusa da ƙarshen layi, ba abin da ya haɗa ta da shagunan. Ka sauka Kulliyatul Banat ka kira Uber ko ka tare tasi, tafiyar 'yan mintoci ce.

Yanzu Ahram, inda na tsinci dattijon nan. Ni a wurina ita ce tashar da ta fi kowacce a layin, kuma in rana ɗaya gareka a unguwar to nan zaka sauka ka ajiye maganar mota ka taka da ƙafa. Da ka hau sama kana kan titin Ahram, ka duba ƙarshen titin zaka ga gini mai ƙubba babba launin ƙasa, ita ce cocin da suke kira Bazilik, an ɗauko fasalinta daga Aya Sofiya ta Istanbul aka ƙanƙanta, kuma shi Baron ɗin da ya mutu 1929 a ƙarƙashinta aka binne shi. Ita ce ƙusar kwatance a nan, duk inda ka shiga ka rikice kace Bazilik fen, yaro ma zai nuna maka. In ka ba ta baya ka miƙe ɗaya ɓangaren kana nufar Korba kenan, zuciyar tsohuwar unguwar, ana cewa sunan daga kalmar Turawa ta kwana ya samo asali saboda lanƙwasar da tsohon jirgin ke yi a wurin. Titin Bagadaza da titin Ibrahim Laƙƙani su ne abin kallo. Gine-ginen benaye ne masu baranda da ginshiƙai da bakuna irin na masallatai, ƙasansu rumfa ce doguwa mai inuwa da mutum zai bi ta gaban shaguna rana bata taɓa shi ba, Turawa suka zana amma da adon Musulunci, kuma sun haura shekara ɗari suna tsaye mutane na kwana a ciki. Na kan tsaya ƙarƙashin rumfar nan in ɗaga kai in kalli sassaƙar da ke jikin baranda, wata an shanya kaya a kai, wata tsohuwa ta zuro kwando da igiya mai kanti ya sa mata burodi ta ja sama, sai in tuna gidajen cikin Kano da Zariya masu zanko da zane a fuska da muke rushewa muna dasa shaguna, abin na damuna ƙwarai.

Ranar nan da na samu Baba ban barshi ya koma da ɓacin rai ba, nace tunda Allah ya kawo ka nan bari ka ga abin da ke nan ɗin. Muka shiga wani shagon ruwan rake, asir asab suke ce masa, aka tura sanda biyu cikin injin aka miƙo mana kofuna da kumfa a sama, yace ɗana wannan ai sai a sha a tsaye kafin ya yi baƙi, nace haka suke yi su ma. Muka zauna ya huta, muka yi la'asar, sannan muka taka a hankali. Abinci ba matsala a yankin, akwai masu koshari da masu ful da ta'amiyya a lunguna da arha, akwai kuma wuraren zama masu tsada a kan titin Bagadaza, ka duba farashi kafin ka zauna. Bayan Bazilik ta wajen Midanul Gami akwai kasuwa da jerin shagunan gwal, mata su sani.

Gargaɗi guda mai nauyi anan. A ƙarshen Korba akwai doguwar katanga da masu tsaro, fadar shugaban ƙasa ce ta Ittihadiyya, da can otal ne mai suna Heliopolis Palace da aka buɗe 1910, lokacinsa yana cikin manyan otal na duniya. Kada ka ɗaga waya a wurin, ko hoton kanka ne, kada ka tsaya kana leƙe, ka wuce abinka. Haka duk wani gini na soja ko 'yan sanda, kuma unguwar cike take da su. Wannan ba wasa bane a Masar, baƙo da fasfo ɗinsa na hannun asibiti ko na makaranta bai kamata ya jawo wa kansa tambayoyi ba. Ka riƙa yawo da kwafin fasfo da shafin biza a aljihu koyaushe.

Gidan Baron kuwa, Ƙasrul Baron, yana kan titin Uruba, babban titin da ke zuwa filin jirgi, wataƙila ma ka hango shi ta tagar mota ranar da ka sauka ƙasar baka san shi bane, wani jan gini mai hasumiya kamar an ciro shi daga Indiya an dasa. Daga Ahram ko Kulliyatul Banat duk ana takawa, mai ƙarfi kamar sulusin awa, amma tsallaka Uruba sai an yi hattara don motoci gudu suke ba sassauci, in da tsoho ko yara ku hau tasi ya ajiye ku a ƙofa. Wani Bafaranshe Alexandre Marcel ne ya zana shi, aka gina tsakanin 1907 da 1911 da kankare, a kan fasalin wuraren bautar Hindu, don haka jikinsa duk gumaka ne da giwaye da macizai, gara in faɗa maka tun yanzu don wani bazai so shiga ba. Shekaru da yawa yana kulle ya zama kango, jemagu suka tare, mutanen gari suka yi ta ƙirƙirar labarin aljanu da cewa wai ginin na juyawa yana bin rana, ba gaskiya bane, a kafe yake. An gyara shi an buɗe a 2020 ya zama gidan tarihin unguwar, akwai tsofaffin hotuna da taswirori na lokacin da wurin ke rairayi zalla, a farfajiya kuma an ajiye tarago ɗaya na tsohon jirgin unguwar. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ɗalibi ya tafi da katin makaranta akwai ragi, kuma ka tafi da katin banki don wuraren tarihi da dama sun daina karɓar kuɗi a hannu. Da safe ko bayan la'asar ya fi, in aka bari ka hau rufin zaka ga unguwar shimfiɗe har Bazilik.

Bayan Ahram sai Harun, daga titin Haruna Rashid, unguwar zama ce da kasuwanni ba wani abin kallo. Sai tashar da aka sa wa Heliopolis, ga tarko na uku kenan, baƙo zai ga sunan yace nan ce cibiyar, alhali duk abubuwan da na lissafa ka baro su baya tasha biyu. Ita dandalin Heliopolis take, tasha ce ƙatuwa mai zurfi, ana lissafa ta cikin mafi girma a yankin gaba ɗaya, an buɗe ta ƙarshen 2019, in likitanka ko masaukinka na wajen titin Hijaz ko Nuzha ne to tana iya zama taka. Anan zan ce wa masu jinya, asibitoci da ɗakunan likitoci sun yi yawa a Masar Jadida, wani likitan ma a hawa na biyar na gidan haya yake ganin mutane daga magariba zuwa sha ɗayan dare, don haka kada ka karɓi kwatance da sunan unguwa kawai, kace a turo maka wurin a taswirar waya, sannan ka tambayi sakatariyar a'rab mahattit metro eh, wace tashar ce mafi kusa. Kuma wanda aka yi wa aiki ko mai ciwon ƙafa kada a sa shi metro don tsimin fam hamsin, matakalu na da yawa, mai tafiya da kanta wani lokacin a tsaye take, a bar metro wa mai jinya da ke zirga-zirgar sayen magani da karɓo sakamako.

Alf Maskan, ma'ana gida dubu, tashar mota ce babba, hayaniya da 'yan talla da ƙananan bas masu kiran unguwanni. In ka shiga irin motar nan kuɗin mota hannu da hannu ake miƙawa gaba har ya isa direba, in zaka sauka kace ala gamb yasta. Sai Nadis Shams, kulob ɗin wasanni. Daga nan jirgi ke fitowa daga rami ya hau gada a kan Gisr Suez, Nuzha, Hisham Barakat, sunan babban mai gabatar da ƙara da aka kashe da bam a wannan unguwar a 2015, Ƙuba, Umar bin Khaɗɗab, Haikstep, sai Adli Mansur, sunan shugaban riƙon ƙwarya na 2013 zuwa 2014. Can ne mahaɗa, akwai jirgin lantarki mai zuwa sabon babban birnin mulki da garin Ashir min Ramadan, da motocin zuwa wasu garuruwa.

Tambayar da aka fi yi min ita ce ko metro na kaiwa filin jirgi. Baya kaiwa. Zaka ga jirage na sauka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma ba tasha a cikin filin, sai ka sauka a Heliopolis ko Alf Maskan ko Nuzha ka ƙarasa da mota, kuma wanda ke da akwatuna irin namu na komawa gida, biyu manya da Ghana-must-go da katan ɗin littattafai, ya manta da metro kawai ya kira mota tun daga ƙofar gida.

Akwai kuma layi na 1 da ke shafar unguwar ta yamma, mutane na mantawa da shi. Kubril Ƙubba nan ne kusa da masallacin Jamal Abdunnasir inda kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1970. Sarayal Ƙubba kuma, kusa da fadar Ƙubba, daga nan ana shiga Roksi da lambun Merryland, wanda filin sukuwar dawaki ne a zamanin Baron. In ka ci gaba har Maɗariyya to ka zo Heliopolis ta asali, birnin rana na zamanin Fir'aunoni wanda aka ari sunansa aka sa wa sabuwar unguwar, abin da ya rage a tsaye shine doguwar hasumiyar dutse ta sarki Senusret na ɗaya, kusan shekara 4,000, tsakiyar gidajen talakawa, da bishiyar da Kiristocin Masar ke cewa Nana Maryam ta huta a gindinta da Annabi Isa yana jariri. Lungunan can matsattsu ne, ka hau keke napep, tuktuk suke ce masa, ku yi ciniki kafin ka zauna.

Shi kuwa mai son ganin dala da gaske, kamar yadda na kai Baba washegari da sassafe, daga Masar Jadida ka hau layi na 3 zuwa Ataba, ka canza zuwa na 2 mai ittijah Munib, ka sauka a Giza, a bakin tashar zaka ji direbobin ƙananan bas na kiran Haram Haram, wannan ita ce motarka, ka tafi da hula da ruwa kuma ka isa kafin tara don rana bata da sauƙi a wurin.